Abin da na gani a bankin unguwarmu

Shekarun baya, daidai lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin kamfani a Ikoyi. Aikinmu shi ne ba bankuna da masu zuba jari shawara. Idan wani attajiri yana so ya sayi banki, ko ya sa kuɗinsa a wani kamfani, sai ya ɗauke mu mu bincika masa wurin ciki da waje, mu faɗa masa inda yake da ƙarfi da inda zai iya karyewa. Ni an sa ni a ɓangaren hango haɗari. Mu ne masu zama mu yi ta tambaya: idan wanda aka ba bashi bai biya ba fa? Idan dala ta tashi fa? Idan gobara ta kama fa?

A Agege, inda aka haife ni kuma nake zaune da mahaifiyata, babu wanda ya gane wannan aikin. Wata rana na zauna na warware wa kawuna komai dalla-dalla, ya saurare ni da kyau, sai ya ce, "Wato dai biyanka ake yi ka riƙa yi wa mutane mugun fata." Mahaifiyata kuwa ta hutar da kanta, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ina aikin banki. Ni ma daga baya na daina gyarawa. Kullum da sassafe zan saka kwat, in tsallaka layin dogo, in cusa kaina a danfo, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Oshodi, in sake hawa wata zuwa Obalende. Kafin in kai ofis kwat ɗin ya yi kamar akuya ta tauna shi, amma a raina ni babban mutum ne.

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne, ya rasu ina jami'a. Mahaifiyata ce ta ƙarasa ɗaukar nauyin karatuna da cinikin atamfa da leshi da take yi a cikin gida. Bayan wannan kuma ita ce uwar adashin matan layinmu: masu tuwo, masu ƙosai, masu kitso, matan 'yan dako da matan masu gadi. Adashin nasu kashi biyu ne. Akwai na mako, wanda ake zubawa a kwashe nan take. Akwai kuma wanda suke kira ajiyar Sallah, kowace ta riƙa kawo abin da ya sawwaƙa tsawon shekara, a raba gab da Babbar Sallah. Wannan na biyun ba ya kwana a gida. Mahaifiyata na kai shi wani ƙaramin bankin al'umma da ke bakin kasuwa, irin waɗanda aka buɗe a unguwanni a shekarun nan domin masu ƙaramin ƙarfi. Tana son bankin don kashiyoyinsa sun san ta, suna jin Hausa, kuma ta faɗa musu tun farko cewa ba ta son kuɗin ruwa, suka ce ba damuwa. Tata ribar cinikin ma can take ajiyewa.

Na yi kamar shekara ɗaya da rabi a aiki, sai wata safiya ogana ya kira ni ofishinsa. Bayerabe ne, dattijo, mai magana a hankali, ya daɗe a harkar banki kafin ya buɗe kamfaninsa. Ba ya kirana da sunana sai Malam. Ya ce wasu masu kuɗi suna so su sayi wani bankin al'umma su faɗaɗa shi, kuma sun ba mu aikin dubawa. Ya ce, "A Agege yake, Malam. Kana jin Hausa, kana jin Yarbanci, ka san unguwar. Da kai za mu je." Da ya faɗi sunan bankin na yi murna ƙwarai. Gaskiya abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne zan huta da danfo, in riƙa tafiya aiki a ƙafa, mutanen unguwa kuma su ga yadda manaja ke miƙewa idan na shiga. Ban ko tuna in ce masa mahaifiyata na da ajiya a wurin ba, domin a lokacin ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba.

Aka ba mu wani ɗaki a saman benen bankin, mai fanka ɗaya, aka riƙa kawo mana fayil-fayil. Makon farko komai lafiya. Masu ajiya da yawa, kullum ƙasan benen cike da 'yan kasuwa, kuɗi na shigowa. Sai da muka juya ɓangaren bashi sannan na fara ganin matsala. Mafi yawan kuɗin da mutane suka ajiye, bankin ya ranta wa wasu 'yan kwangila ne da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Dukansu ayyukan gwamnati suka yi a zamanin soja. Da sabuwar gwamnati ta zo ta ce sai ta sake duba tsofaffin kwangiloli kafin ta biya kowa, su kuma 'yan kwangilar suka daina biyan bankin. Filayen da suka ba da jingina, wasu ana shari'a a kansu, wani ma da muka je gani sai muka tarar da ruwa ya cinye shi.

Babu ɓarawo a labarin nan, ya kamata in faɗa. Manajan mutumin kirki ne, kuma bai ɓoye mana komai ba. A lokacin da suka ba da bashin, ɗan kwangilar gwamnati shi ne abokin hulɗar da kowane banki ke nema. Kuskurensu shi ne sun tara komai a wuri ɗaya. Abin da ya rage shi ne bankin na rayuwa ne da abin da ya shigo yau. Wanda ya zo cire kuɗi da rana, da ajiyar da wani ya kawo da safe ake sallamarsa. Idan mutane da yawa suka zo cirewa a tare, kafin azahar an rufe ƙofa.

Ina tsaye a tagar ɗakin nan wata Laraba, sai na hango mahaifiyata ta shigo harabar bankin da jakarta a hammata, tana gaisawa da maigadi. Ta zo zuba ajiyar Sallah ta makon. Na tsaya ina kallonta har ta shige ƙasan benen. A nan ne lissafin da nake yi a takarda ya tashi daga zama lissafi.

Washegari na samu ogana shi kaɗai na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Da tun ranar farko ka faɗa mini, Malam."

Na ce, "Ban zaci zai zama wani abu ba, oga."

Ya ce, "Kullum haka ake zato. Ka faɗa mata wani abu?"

Na ce ban faɗa ba, amma kuɗin ba nata ba ne ita kaɗai, na matan unguwa ne, kuma an kusa raba shi. Na ce ina neman izini ne in ce mata kawai ta cire, ba sai na yi bayani ba.

Ya ce, "Ka san mun sa hannu cewa abin da muka gani a nan ba zai fita ba. Wannan ɗaya ke nan, kuma shi kaɗai ya isa a rufe kamfanina. Amma bar wannan. Kai ka fi ni sanin Agege. Idan uwar adashi ta je ta kwashe kuɗin mata gaba ɗaya, alhali ɗanta yana saman bene yana duba bankin, zuwa yaushe labarin zai kai kasuwa?"

Na ce, "Kafin ta iso gida."

Ya ce, "To. Da yamma layi ya kai titi. Waɗanda ke gaba za su samu, na baya su tashi babu komai, kuma na bayan su ne waɗanda ba su da ɗa a saman bene. Masu sayen kuma su janye, don ba wanda ke sayen gawa. Idan aka yi shiru, akwai yiwuwar su zuba kuɗi bankin ya farfaɗo, kowa ya tsira. Ban ce tabbas ba. Na ce akwai yiwuwa."

Na tambaye shi ko yiwuwar tana da ƙarfi. Ya ce ni ne mai lissafin, in faɗa masa. Ni kuwa na san rabi da rabi ne, ko ma ƙasa da haka.

Ya ce, "Daga yau na ɗauke ka daga wannan aikin. Akwai wata masana'antar robobi a Isolo, can za ka koma. Abin da ka riga ka sani kuwa ba zan iya cire maka shi daga kai ba. Wannan tsakaninka da Allahnka."

Haka na koma hawan danfo. Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Zan dawo gida in tarar da mata a tsakar gida suna kawo zubi, ana hira ana dariya, kowace da abin da za ta yi da kuɗinta. Cikinsu akwai maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Nijar da nake kira Inna. Tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, mijinta ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Tun ina yaro take zuba mini abinci ba ta karɓar kuɗi, kuma ba ta kirana sai ɗana. Gadon bayan mijinta ya lalace da ɗaukar kwandunan tumatir, shi ya sa take tara kuɗin injin markaɗe, ya zauna a ƙofar gida yana niƙa wa mutane kayan miya ya huta da dako. Har ta je ta yi cinikin injin, ana jiran Sallah ta biya. Duk lokacin da ta gan ni sai ta ce, "Ɗana, ku 'yan lakwal, kai za ka karanta mini takardar injin." Lakwal ita ce makarantar boko a bakinsu. Sai in yi murmushi in shige ɗaki.

Wata Asabar da hantsi, gidan ba kowa, mahaifiyata na zaune tana ninke atamfofi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, kuma ba ta cika jan doguwar magana da ni ba. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Kai, na ga ka daina zuwa bankinmu."

Na ce, "An mayar da ni Isolo, Mama."

"An gama aikin ne?"

"Ba a gama ba."

"Laifi ka yi?"

Na ce, "A'a. Na faɗa wa ogana kina da ajiya a wurin, shi ne ya ce bai dace in ci gaba ba."

Ta ajiye atamfar da ke hannunta. Ta dube ni sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi mini ba. Na san tana haɗa abubuwa: abincin da nake bari a kwano, da yadda nake gudun tsakar gida ranar zubi. Bakina ya riga ya buɗe. Wallahi da ta ƙara tambaya ɗaya, da na faɗa mata komai.

Sai ta ce, "Abin da ka gani a can, naka ne da za ka iya bayarwa?"

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ta ce, "To, riƙe musu abinsu. Kada ka faɗa mini." Ta ɗauki atamfarta ta ci gaba da ninkewa. Can ta ƙara da cewa akwai sauran koko a kwano idan ina sha.

Ba mu sake tayar da maganar ba. Amma na lura da abin da ta yi. Ba ta taɓa ko kwabo daga abin da ke bankin ba, na mata da nata duka. Sai dai ranar zubi ta gaba ta ce wa matan kayan abinci na ta tashi, me zai hana zubin da ya rage kafin Sallah a riƙa sayen shinkafa da man gyaɗa da shi a ajiye, a raba tare da kuɗin. Suka ce shawara ce mai kyau. Ɗakin baƙinmu ya cika da buhuna. Da na dube ta a ranar, sai ta ce, "Ban ji komai a bakinka ba. Abin da idona ya gani kuwa nawa ne." Har yau ban tabbatar ko wannan ya tsallake layin da ogana ya ja mini ba. Na dai san ba ta ƙara kai kuɗin mutane inda zuciyarta ba ta kwanta ba, kuma ba ta tsere da nata ta bar na wasu ba.

Kamfaninmu ya miƙa rahoto. Masu sayen suka ce za su saya, amma a farashi mai rahusa sosai, kuma sai tsofaffin masu bankin sun ƙaro kuɗi daga aljihunsu. Aka yi ta zama ana tashi. Na riƙa leƙa fuskar ogana duk safiya ko zan karanci wani abu. Daga ƙarshe ba a daidaita ba, masu sayen suka janye. Ba a jima ba bankin ya kasa biyan albashin ma'aikatansa, kuma daga bakinsu labarin ya fita. Ina Isolo wata rana da rana wani abokin aikina ya kira wayar ofishin masana'antar ya ce in koma gida. Na hau okada, wato acaɓa, tun daga Oshodi. Da na iso bakin kasuwa, layi ya miƙe har ya sha kwana, ƙofar bankin a garƙame, 'yan sanda biyu na tsaye. Waɗanda suka zo da wuri sun samu wani abu. Mahaifiyata ba ta cikinsu. Saura 'yan makonni Sallah.

Bayan la'asar matan suka taru a gidanmu. Ina ɗaki ina jin su. Da farko salati ake yi da jajantawa juna. Sai wata ta ce ai an sha ganin ɗan gidan nan yana hawa benen bankin da kwat.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, "Hajiya, ki faɗa mana tsakani da Allah. Yaron nan ya sani?"

Mahaifiyata ta ce, "Ban tambaye shi ba. Ga littafin ajiyata, nawa ma yana ciki, har da jarin atamfa."

Ban ga dalilin da zan bar ta ita kaɗai ba, sai na fito. Na durƙusa na gaishe su. Na ce gaskiya ne na yi aiki a wurin, kuma na ga halin da bankin yake ciki. Na ce amana aka ba ni, kuma da na yi magana, da abin da ya faru yau ya faru tun a lokacin, alhali akwai sauran fatan a ceto bankin. Na yi bayanin da kyau, yadda ake yi a ofis, har da ƙirga dalilai da yatsu.

Inna ta bari na gama. Ta ce, "Ɗana, ni ban san aikinku ba. Amma kullum kana wucewa ta gabana, ina ce maka injin, injin, kana yi mini murmushi. Amanar mutanen da ba ka sani ba ka riƙe. Ni da na ba ka abinci da hannuna fa, ba ni da amana a wuyanka?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta gyara mayafinta ta fita. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ta tashi ta yi alwala.

A Sallar nan an raba shinkafa da mai, kowace ta sami abin dafawa. Mu ba mu yi layya ba, karon farko tun da na yi wayo. Mahaifiyata ta sa na kai ɗan abin da na tanada na rago aka ƙara wa matan da suka fi shiga matsi. A masallaci wasu suka rage fara'a da ni, wasu kuma suka riƙa jan hannuna gefe suna tambayar wane banki ne zai rushe a gaba, kamar ina da jerin sunaye a aljihu.

Tun da bankin ya rufe, babu sauran sirri. Na koma wurin ogana na ce ina so in taimaka wa masu ajiya su bi haƙƙinsu. Ya ce abin da muka gani a fayil har yanzu ba zan yi amfani da shi ba, amma ilimina nawa ne, in yi da shi. Ya haɗa ni da wani lauya abokinsa da ya yarda ya tsaya mana ba tare da ya karɓi wani abin kirki ba. Muka kafa kwamitin masu ajiya, Hausawa da Yarbawa da sauransu, muna zama duk Lahadi a wata makarantar firamare. Ni ne mai fassara kuma ni ne magatakarda. Da kotu ta naɗa wanda zai tattara kadarorin bankin, muka dage sai an fara biyan masu ƙananan ajiya kafin manya. Muka kuma dage cewa ajiyar Sallah ba ta mutum ɗaya ba ce, ta mata da yawa ce, a lissafa kowace da nata. Wannan ya ɗauki dogon lokaci kafin a yarda, amma shi ya fi komai amfani.

Abin ya ci fiye da shekara. Aka sayar da ginin bankin, gwamnati ta biya ɗaya daga cikin 'yan kwangilar, aka karɓo wani abu a hannunsa. Matan adashin suka sami fiye da rabin kuɗinsu. Mahaifiyata, da yake tata ajiyar ta fi girma, ta sami ƙasa da haka, kuma jarin atamfarta bai sake komawa yadda yake ba. Adashin bai mutu ba. Wasu sun fita, da yawa sun zauna, domin sun ga ita ma ta ƙone tare da su.

Inna ta karɓi nata kason, amma kafin lokacin farashin injin ya riga ya wuce inda ta bar shi, mijinta kuma ya kwanta ciwon baya. Kuɗin a magani ya tafi. Daga baya suka tattara suka koma garinsu. Ranar da za su tafi na je na taya su ɗaura kaya a mota a tashar Ojota. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, ta ce in gaida gida. Ba ta ce mini ɗana ba. Na lura, kuma na san ta san na lura.

Yanzu na daɗe a wannan sana'ar. Na duba bankuna manya da ƙanana, na zauna a ɗakunan da ake yanke shawarar kuɗin da ban taɓa mafarkin gani ba. Idan sababbin ma'aikata suka zo hannuna, abu na farko da nake tambayarsu kafin in tura su ko'ina shi ne, kana da wani naka a wurin nan? Uwa, ƙani, maƙwabci? Faɗa mini yanzu. Suna ɗauka tsarin ofis ne kawai, ni kuma ba na yi musu dogon bayani.

Idan aka tambaye ni ko abin da na yi daidai ne, a ƙa'idar aiki zan ce daidai ne, kuma idan aka sake mayar da ni can, ina jin haka zan sake yi. Da na yi magana, da matan layinmu sun tsira da kuɗinsu cif, matan wani layin kuma su rasa komai, ba tare da sun san dalili ba. Wannan lissafin na yarda da shi. Sai dai lissafin bai amsa tambayar Inna ba, kuma na daina ƙoƙarin sa shi ya amsa. Abin da na koya shi ne, za ka iya yin abin da ya dace, wani ya cutu, kuma mai cutuwar yana da gaskiyar jin haushinka. Ba sai ɗayanku ya zama mugu ba.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa, ta miƙa adashin ga ƙanwata. 'Yan shekarun nan, wata rana muna zaune da ita da rana tana ɓare gyaɗa, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, "Mama, ranar nan, da na faɗa miki, me za ki yi?"

Ba ta ko tambaye ni wace rana ba. Ta ce, "Da na cire mana. Da ni zan fara tsayawa a ƙofar bankin kafin a buɗe, in kwashe na matan da nawa, ko wa zai rasa ya rasa."

Na ce, "To me ya sa kika hana ni faɗa?"

Ta ce, "Don na san halina." Ta turo mini farantin gyaɗar ta ce in ɗiba.